Simintin Bangon Alƙibla

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya gwiwar taki? Allah Ya ƙara sauƙi.

Bangon alƙibla na tsohon masallaci ya tsage, har hannu yana shiga. Kin san a nan aka fara kiran salla a garin nan, kuma tun kakannin kakanninmu gidanmu ne ke yaɓe shi. Wata masaniyar tsofaffin gine-gine ta zo ta ƙwanƙwasa, ta ce simintin da aka shafa ne ya hana ƙasar shan iska, danshi ya yi shekara ashirin yana cin ta ta ciki. In damina ta same shi haka, zubewa zai yi.

Yanzu sunan Baba ne a bakin mutane, wai da girmansa ya kashe masallaci. Sun gan ni a kan tsani a shekarar da aka shafa simintin, amma sun ɗauka umarninsa nake bi. Yaya, yana kwance lokacin. Sau uku yana hana ni. Ni kuwa na dawo daga koyon gini kaina na hayaƙi, ina ganin tsoho bai waye ba. Na ce masa da ƙasa na yaɓe, ya sa mini albarka. Da wannan ƙaryar ya rasu.

Kunya ta hana ni shiga sahu. Ki yi mini addu'a.

Ƙaninki,
Auta

Yaya,

Ina gaishe ki da kyau, na kuma ga amsarki. Kin wanke ni tas kamar ina ɗan shekara bakwai, kuma na cancanta.

Ranar Talata bayan la'asar na miƙe a masallaci na faɗi komai. Liman bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi wanda ya shafa shi zai ɓamɓare. Da marina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Kwana tara ke nan ina kai da guduma. Masaniyar ta ce bangon zai tsaya, mun riga ruwa. An daina ambaton Baba sai da alheri.

Amma akwai abin da ban zata ba. A ƙarƙashin simintin yaɓen Baba na ƙarshe ne, da sawun yatsunsa huɗu, kin tuna ƙaramin da dutse ya datse. Simintin ya kama shi gam. Duk ɓangaren da na cire, da hannun Baba yake fitowa, ya marmashe a ƙasa. Ba yadda za a ceci bangon a bar yaɓen Baba. Ina aiki ina kuka, ban damu da masu wucewa ba.

Guda ɗaya ne ya fito bai fashe ba. Shi ne a cikin ƙyallen da direban da ya kawo wasiƙar nan zai ba ki. Ki riƙe a wurinki, ni ban isa in ajiye shi ba.

Ki gaida kowa.

Ƙaninki,
Auta