Ki Koma Cikin Jirgi, Mastura

Hindawiyya, Jidda
Rajab, 1429

Zuwa gare ki Mastura, sanyin idona, furen da ya tsiro a tsakiyar gishirin Jidda, iskar la'asar da ke tasowa daga bahar ta tarar da ɗan kasuwa ya jiƙe da gumi ta yi masa sannu! Amincin Allah ya tabbata gare ki, ke da muryarki ta fi mini kurɓin farko na buɗa-baki.

Kada ki firgita da ganin takarda a cikin garin gahawa. Haladu direba ne ya zo rumfata, ya ce Madam, uwar ɗakinki, ta bugo waya daga jirgin ruwan da kuke yawon hutu, wai gahawar Turawa ta ƙi cikinta, a aika mata da tamu ta hannun ƙaninta Hamad da zai tarar da ku. Na ce halas, hanya ta samu! Wa ke kwance ƙullin gahawa a gidan nan in ba ke ba? Madam ko inda butar take ba ta sani ba.

Tun da kuka tashi, garin nan ya zama kango. Masu hali sun gudu daga zafi, sun bar mu da kyanwoyi. Kin san abin da rashinki ya yi mini? Ni Muntaka, da duk kasuwar Bab Makka ta shaida sikelina ba ya kuskure sai ta wajena, jiya na auna wa wata tsohuwa citta har da gyara, ba ta ma roƙa ba! In ba ciwo ba, mene ne wannan? Ranar Alhamis, da kika saba zuwa cefane, nakan share gaban rumfa, in ware miki kanumfari mai kyau, in zauna ina kallon bakin layi kamar wanda aka yi wa alkawari. Duk baƙar abaya da ta ɓullo sai gabana ya faɗi, ta matso, in ga ba tafiyarki ba ce.

An ce za ku tsaya a Bunduƙiyya, tsohon birnin nan na Italiya da ruwa ne titunansa. Na gan shi a kalandar wani mai shago: gidaje tsaye cikin ruwa har gwiwa, wani ƙato da hular kaba yana tuƙa kwalekwale. To me suka fi mu? Kin manta ranar da aka yi ruwan sama Hindawiyya ta cika, kika tsaya a bakin masallaci da kwandon cefane kina duban takalmanki? Wa ya sauke buhunan barkono daga kurarsa ya ɗora ki? Na tura ki cikin ruwa har cinyata, kina riƙe da mayafi, kina cewa in na kifar da ke sai na biya Madam tumatirinta. Barkonon ya jiƙe ya lalace. Ban taɓa yin asara mai daɗinta ba.

Yanzu bari in bar zagaye-zagaye. Na sani, Mastura. Inno, gwaggonki ta unguwar Karantina, ba ta yi niyyar faɗa ba, amma ɗan ƙunshin turare da hira mai daɗi sun buɗe bakinta. Na san yayanki Abdulwahid, mai sayar da jakunkuna a can, zai jira ki a dandalin tantabaru. Idan iyalin sun shagala da ɗaukar hoto, ki miƙa wa Madam jaririnta, ki ce za ki kewaya, ki bi wani lungu, jirgi ya tashi babu ke.

Ba zan ce ba ki da hujja ba. Na san ɗakin da kike kwana a gidan Madam na Abhur ba shi da taga. Na san fasfonki a jakar Madam yake kwana, kuma yaran da kika goya har bayanki ya ƙage, da "ke" suke kiranki. Amma ya hasken safiyata, kin auna abin da lungun nan zai raba? Wadda kafili, mai ɗaukar nauyin zamanta, ya kai ƙarar ta gudu ba ta sake shigowa ƙasar nan. Ni kuwa da na shigo umara na manta hanyar fita, ba iƙamar zama, ba takarda, ko filin jirgi ban isa in doshi ƙofarsa ba. Ke ba dawowa, ni ba zuwa. Wane teku ne ya kai wannan faɗi? Wayyo ni! Ina zan kai idanun da suka saba da ke?

Me nake da shi? Rumfa, ɗaki mai fanka, da baki. Amma ɗakin yana da taga, kuma a cikinsa ba mai kiranki sai da sunanki. Ki dawo, washegari in je wa Inno da goro, in sa manya su tunkari kafilinki. Na sha shawo kan Bayamanen dillali ya sauko daga farashinsa. A kanki zan yi cinikin da ban taɓa yi ba.

Haladu, wanda shi ma ƙishin-ƙishin ya kai kunnensa, ya ba ni shawara. Ya ce layi ɗaya na Larabci zuwa ga Madam ya isa, ranar a kulle ki a ɗakin jirgi, a dawo mini da ke. Wallahi na ɗauki biro. Na daɗe ina riƙe da shi. Sai na ga fuskarki a bayan ƙofar da ni na sa aka kulle, na ajiye. Ba wanda zai ji daga bakina. Ƙafarki taki ce.

Ina roƙonki, idan jirgi ya yi kuka, ki ɗauki yaron nan ki hau. In kuwa zuciyarki ta zaɓi lungun, to ki ci abinci tukuna, ki sa takalmin da ba ya santsi, ki ɗauki rigar sanyi don an ce ƙasar ba ta da tausayi. Kuma kada ki waiwaya, domin fuskarki ba ta iya ɓoye komai.

Ko kin hau ko ba ki hau ba, ba wata bayanki har a miƙe ni a kabari a ƙasar nan.

Naki, da duk abin da ya rage na wayona,
Muntaka mai kayan yaji