Memorin da Baba ya ce ya jefa rijiya

Daren Laraba, bayan Isha'i

Yau kam ban yarda da Baba ba.

Muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida ni da Yaya Hadiza, muna gardama kan fim ɗin nan mai dogon zango. Ta ce tun zango na uku suka lalata shi, jan rai kawai suke yi. Na ce ai tunda suka kashe direban nan babu sauran abin kallo. Baba yana kan buzu da carbinsa, ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Bai mutu ba, asibiti aka kai shi." Sai kuma ya yi tari, ya ce a kawo masa ruwa.

To a ina ya sani? Ranar da aka turo min cigaban fim ɗin a memorin wayata a kasuwar Gezawa Baba ya ƙwace memorin, ko ɗaya ban kalla ba. Ya ce fim aikin banza ne, wai ya jefa memorin rijiya. Yaya ta ce ƙila a majalisa ya ji. Wace majalisa? Abokansa ba su da zance sai taki da gero.

Ni ba fim ɗin ne damuwata ba. A memorin nan muryar Inna take, wadda na ɗauka tana daka tana waƙa kafin ta rasu. Na sha kuka, na haƙura.

Ɗazu na hango hasken waya ta ƙasan ƙofarsa, na lallaɓa na kasa kunne. Ba muryar direba na ji ba. Ƙarar taɓarya ce.