Ya Ce Mahaifina Yana Wuta, Kuma Ni Ake So In Ba Shi Haƙuri

Admin don Allah a ɓoye sunana.

Salama da alherin Ubangiji su kasance tare da ku 'yan'uwa na wannan zaure. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da tsawon rubutun, raina a ɓace yake sosai, in ban faɗi komai daga farko ba ba za ku gane inda abin yake mini ciwo ba.

Ni mace ce, shekarata talatin da takwas, a Adjamé aka haife ni nan Abijan, iyayena daga wajen Maraɗi suka zo. Ina sayar da atamfa a kasuwar Adjamé, muna zaune a Treichville ni da maigidana da yaranmu uku. A gidan Musulmi na tashi, Babana mahauci ne, ya fi shekara arba'in da teburinsa a layin masu nama. Na karɓi Yesu tun kafin in san maigidana, ina faɗar wannan ne don kada wani ya ce aure ya ja ni. Da abin ya fito Baba ya yi shekara biyu ba ya amsa gaisuwata, ƙannensa suka matsa masa ya tsine mini a gaban dangi, ya ƙi, ya ce shi haihuwata ya yi ba halittata ba, Wanda ya halicce ni Shi zai tambaye ni. Da na haifi 'yata ta fari sai ga shi ya hawo gbaka, ƙaramar motar hayar nan garin, da cinyar rago a leda, ya zauna a ƙofar ɗakinmu ya karɓi jaririya. Daga ranar bai ƙara tayar mini da maganar addini ba, ni ma in na ɗauko sai ya ce in bari, in zuba masa shayi.

Cocinmu ƙarami ne, na masu jin Hausa, yawancinmu 'yan Nijar da 'yan Najeriya ne masu aiki a bakin port, wato tashar jiragen ruwa, da kasuwa. Duk Kirsimeti naman da muke dafawa daga teburin Baba yake fitowa, da hannunsa yake zaɓa, ya ƙara mana hanta da kai ya ce na yara ne. Babu dattijon cocin nan da bai san shi ba.

Bana ciwon ƙoda ya kwantar da shi, ya yi sati uku a asibiti nan Treichville, da yake ni ce kusa ni na fi zama da shi. Wata rana da la'asar daga ni sai shi, ya ce in yi masa addu'a, na ce Baba irin wacce, ya ce irin taku mana, wata kika iya? Na kama hannunsa na yi, ina kuka, na rufe da sunan Yesu, ya ce amin. Bai ƙara cewa komai ba, ni ma ban tambaye shi ba. Bayan kwana biyu ya cika, carbi a hannunsa, ƙanena Habibu yana maimaita masa kalmar shahada. Maganar addu'ar nan ban gaya wa kowa ba sai maigidana. Aka yi jana'iza, matan cocinmu suka je gaisuwa har Adjamé, 'yan'uwana suka shimfiɗa musu tabarma, suka ba su ruwa, aka yi ta ce wa juna yako, wato sannu da haƙuri, kamar yadda ake yi a nan, na ji daɗi a raina na ce ashe za a zauna lafiya.

Lahadi ta uku bayan rasuwar na koma sujada. Fasto ya yi tafiya, sai aka ba wan maigidana wa'azi, zan kira shi Yaya Iliya, yana cikin dattawan ikkilisiya. Ya ɗauko maganar shari'ar ƙarshe. Ni ba ni da matsala da wannan, abin da muka ba da gaskiya gare shi ne. Ya yi bayanin yadda Ubangiji zai dawo, matattu manya da ƙanana su tsaya a gaban kursiyi, a buɗe littattafai, a ware mutane dama da hagu, wanda sunansa yake littafin rai ya shiga rai madawwami, wanda babu a jefa shi tafkin wuta. Ina zaune a layi na biyu da yarana, ina cewa amin tare da kowa, har ina share hawaye don raina ɗanye ne. Sai kawai na ga ya miƙo yatsa wajena.

Ya ce, "Kun san Alhajin nan mai nama, baban 'yar'uwarmu. Mutumin kirki ne, duk mun ci daga hannunsa. To ina gaya muku, yanzu da nake maganar nan yana cikin wuta yana neman ɗigon ruwa, kuma duk naman da ya ba mu ba zai samo masa ba."

Bai tsaya nan ba, ya ce ni kuma shekara goma sha huɗu ina cikin haske ban jawo ubana ba, za a nemi jininsa a hannuna ranar shari'a, kowa ya ɗauki darasi a kaina. Kun san a cocinmu ana fassara wa'azi da Faransanci saboda yaran da aka haifa nan ba sa jin Hausa sosai, to sau biyu na ji maganar, sau biyu yarana suka ji. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce masa, "Yaya, kai aka ba littafin ka riƙe? Buɗe mana ka nuna mana shafin da ka gani." Na faɗi wasu maganganun da ba zan ɓoye muku ba, na kira shi maƙaryaci marar kunya, na ce naman Baba bai gama fita daga haƙoransa ba. Na ja yarana muka fita, mata biyu suka biyo ni suna ba ni haƙuri, sauran duk suka sunkuyar da kai, har maigidana.

Yanzu ku ji abin da wa'azin minti biyu ya jawo. 'Yata ta fari, Alheri, shekararta tara, ita ce 'yar lelen Baba, amaryata yake ce mata, duk Asabar sai ya aiko mata da tsire. Tun ranar ta daina cin nama, in ta gani a miya sai ta ture kwano. Ta tambaye ni ko wutar tana mutuwa wani lokaci Kaka ya huta. Ta cika gorar ruwanta ta makaranta ta ce in kai ta maƙabarta ta zuba masa. Malamarsu ta kira ni ta ce yarinyar tana zama ita kaɗai tana kuka lokacin hutu. Shekaranjiya ina yi mata kitso ta ce, Mama in na je sama zan riƙa jin kukan Kaka? In zan ji ni ba na so in je. Na ci gaba da yi mata kitson.

Sannan matasan cocinmu suna ɗaukar wa'azi a waya su tura a WhatsApp, ban san wanda ya yanko wurin nan ba, kafin Laraba bidiyon ya zaga layin masu nama kaf. Habibu ya zo har shagona, gaban masu ciniki, ya kunna mini. Bai yi ihu ba, da ma ihun ya yi. Ya ce ashe tabarmar da suka shimfiɗa wa mutanena wannan ce ladanta. Ya ce in sani su ma suna da abin da suka yarda da shi a kan makomata, shekara goma sha huɗu yana bakinsu, Baba ne ya hana kowa ya furta mini, ga shi mutanena ba su iya riƙe nasu bakin sati uku ba. Ya ce kada in taka gidan ranar sadakar arba'in. Duk da haka na je wurin Inna mahaifiyata, tana cikin takaba, ta ƙi kallona, tambaya ɗaya ta yi mini, wai ina zaune aka faɗa? Na ce na miƙe na mayar masa. Ta ce to, ta juya fuskarta bango.

A gida kuma rigima ce ni da maigidana kullum. Shi a ganinsa Yaya ya yi kuskure a yadda ya faɗa, amma abin da ya faɗa ba ƙarya ba ne, kuma ko me ya yi bai kamata in zagi dattijo yana kan bagade yana wa'azi ba. Na san abin da yake ɗaure masa baki, Yaya Iliya ne ya kawo shi Abijan, shi ya sama masa aiki a port, shi ya tsaya masa a matsayin uba a aurenmu. Na ce masa ni ma ina da uba, kuma kana zaune aka ƙona shi a gaban 'ya'yanka ba ka ɗaga kai ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, ashe ya kwashi maganar addu'ar asibiti, wadda na gaya masa tsakanina da shi, ya kai wa yayansa da Fasto, wai don a sami hanyar sulhu.

Jiya Fasto ya dawo ya kira mu, shi da dattawa biyu da Yaya Iliya. Fasto mutum ne mai sanyi, ya yarda bai kamata a ambaci mutum a wa'azi haka ba, ya ce shari'a ta Ubangiji ce. Na ɗauka zai sa Yaya ya janye. Sai ya kawo abin da ya kira mafita. Wai ranar Lahadi in tsaya gaban ikkilisiya in roƙi gafara kan zagin da na yi, sannan in ba da shaida cewa Baba ya karɓi Yesu a gadon asibiti, kamar ɓarawon nan da ya tuba a kan gicciye a sa'arsa ta ƙarshe. Shi kuma Yaya sai ya tashi ya ce bai san da haka ba, a ɗaukaka Allah, magana ta mutu, Alheri ma hankalinta ya kwanta. In na ƙi, za a sa ni horo, ba jibin Ubangiji, ba jagorancin waƙa a zumuntar mata, sai na tuba. Yaya Iliya yana zaune yana kaɗa ƙafa, ko sannu bai ce mini ba, cewa ma ya yi shi gaskiya ya faɗa, in ta yi ɗaci ba laifinsa ba ne.

'Yan'uwa ku duba mini. Makon jiya sun san tabbas yana wuta, wannan makon suna so in tabbatar musu yana sama, duk don kada dattijo ya ce na yi kuskure. Mahaifina ya zama abin da ake matsarwa daga nan zuwa can don a rufa wa mutum ɗaya asiri. Ni ban san me amin ɗin Baba take nufi ba. Wataƙila wani abu ya faru a zuciyarsa, wataƙila kuma uba ne kawai ya ga 'yarsa tana kuka ya amsa mata. Da carbinsa ya mutu, ina wurin. In na tsaya na ce ya bar addininsa, wayar nan dai za ta ɗauka, kafin yamma ta kai Adjamé, in ce wa Inna me? Matar da ta zauna da shi shekara arba'in da wani abu, tana takabarsa, a ce mata 'yarta ta tsaya a coci ta ce mijinta bai mutu Musulmi ba?

Kada ku ɗauka bangaskiyata ce ta yi rauni. Na gaskata akwai ranar shari'a, na gaskata akwai rai madawwami akwai hallaka, na gaskata ceto ta wurin Yesu yake, ban bar gidanmu na sha abin da na sha don wasa ba. Wannan ɗin ne ma yake cina, don wani lokaci ina cikin auna yadi sai in ce a raina, in fa Yaya ya yi daidai? In fa da na ƙara matsa wa Baba? Amma abin da aka koya mini shi ne Ubangiji ne mai shari'a, Shi yake ganin zuciya, Shi ya san abin da ya wuce tsakaninsa da mutum a numfashin ƙarshe. Ban taɓa jin inda aka ce ya ba wani dattijo a Treichville aron kujerarsa ba. Abin da nake so kawai a bar ni in ce ban sani ba, na bar Baba a hannun Wanda ba ya zalunci. Na gaya wa Fasto haka, ya ce wannan ba zai kashe wutar rigimar ba.

Zagin da na yi na san ban kyauta ba, zan iya roƙon gafarar ikkilisiya a kansa, amma in na yi shi kaɗai ba tare da Yaya ya janye ba, kamar na sa hannu ne a kan abin da ya faɗa. Maigidana ya ce in na ƙi zuwa na kunyata shi a gaban danginsa, kuma kada in yi tunanin kai masa yara wani coci.

To don Allah me zan yi? In je in ba da haƙurin zagin kawai, in ƙi ba da shaidar, in karɓi horon? Ko in tsaya a kan sai ya janye a wurin da ya faɗa, a gaban wayar da ta ɗauka, ko da zai taɓa aurena? Ko in bar musu cocin gaba ɗaya? Sadakar arba'in kuma in je ko a kore ni, ko in zauna a gida? Ina roƙo kada kowa ya zagi addinin kowa a ƙarƙashin rubutun nan, na ji isasshe daga ɓangare biyun. Waɗanda iyayensu suka rasu ba cikin bangaskiya ɗaya da su ba, ku nake so ku fi yi mini magana, yaya kuke ɗauke da abin? Lahadi saura kwana huɗu. Kuma in akwai wanda ya san abin da ake gaya wa yarinya 'yar shekara tara a kan kakanta, wanda ba ƙarya ba ne kuma ba zai sa ta ji tsoron zuwa sama ba, ya rubuto mini shi kalma bayan kalma, don ni na duba bakina ban samu ba.