An Ba Kiko Gurbina

Tata,

Gaisuwa mai yawa gare ka, mahaifina, daga Honolulu. Yaya ƙafar mahaifiyarmu Nana? Ina fata guguwar da aka yi a Guam ba ta taɓa rufin gidanmu ba. Mu nan lafiya lau, karatu yana tafiya.

An kusa fara gasar besbol ta kwalejoji, wasan nan na bugun ƙwallo da sanda. Jiya koci ya tara mu ya faɗi waɗanda za su tsare cikin fili. Gurbin da nake riƙe da shi tun zuwana, tsakanin zango na biyu da na uku, ya ba ƙanena Kiko, wanda ko hanyar aji bai gama sani ba. Wai hannunsa kamar walƙiya. Ni kuwa benci zan ɗumama.

Kada ka damu, na taya shi murna. Ya rungume ni ya ce, "Haba Yaya, ai kai ka koya mini!" Na yi dariya, amma na tashi na bar abincin rana a faranti.

Ku aiko da busasshen naman Nana, Kiko yana kewarsa.

Tata, mu biyu kake jefa wa ƙwallo a bayan gida. Me ka nuna masa da ba ka nuna mini ba?

Allah ya bar mana ku.

Ɗanka,
Vicente