Abin da Na Kasa Faɗa a Kan Japheth

Birnin Gwari,
Jihar Kaduna.

Zuwa ga ƙanwata Sabina,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri a cikin sunan Ubangiji. Ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki Gabriel da yara, da kuma aikin asibitin da kike fama da shi a can Fatakwal. Allah ya ƙara miki ƙarfi, ya tsare ku daga cuta da sharrin hanya. Mu nan mun gode Allah. Ciwon gwiwar matata Lydia ya yi sauƙi, har tana zuwa zumuntar mata ta coci da ƙafarta. 'Yarmu Gloria na shirin jarrabawar gama sakandare. Masara ta yi kyau a ɗan filin da muka ara a bakin gari, amma gonarmu ta Kakangi bana ma ba mu taka ta ba saboda 'yan bindiga. Waɗanda suka leƙa sun ce ciyawa ta rufe har rumbun Baba.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda maimakon kira. Na sha ɗaukar waya, in na ji ta fara shiga sai in kashe, don maganar ta fi ƙarfin bakina. A kan ɗana Japheth ne. Tunda ke kika saya masa kwamfutar nan lokacin da ya samu gurbin karatun kimiyyar kwamfuta a Zariya, ya kamata ki ji daga gare ni kafin ki ji a bakin wani.

Tun bara yaron nan ya daina tambayata kuɗin abinci. Da ya zo hutun nan ya zaunar da ni yana ta ɗokin yi mini bayani. Ya ce akwai wata mai shagon atamfa a Kaduna da ya gina wa shafin intanet, shi ke kula mata da shi. Ya ce wani kamfani na turo masa muryoyin mutane suna Hausa, shi kuma ya saurara ya rubuta abin da suka faɗa. Wani lokaci a ba shi sabuwar manhaja ya yi ta gwadawa har ya gano inda take da matsala ya sanar da masu ita. Yana kuma koya wa wasu yara a Abuja lissafi ta waya. Sabina, da rabin kunne na saurare shi, rediyona na manne da ɗaya kunnen. Na ce masa Allah ya yi albarka, na tashi na fita. Takin da na zuba wa masara bana shi ya saya, kuma na karɓa ban tsaya na fahimci inda ya fito ba.

Kin san halin sabis a unguwarmu, sai ya ga dama. Don haka kullum da hantsi sai ya ɗauki jakarsa ya hau tudun nan na bayan firamare, wanda ke fuskantar daji, ya zauna da kwamfuta a cinya da abin saurare a kunne. A wani gari wannan ba komai ba ne. A nan kuwa, yaro ya zauna yana kallon daji yana magana shi kaɗai, ga shi da kuɗi ba a ga yana noma ko kasuwa ba, ai kin san abin da za a ce. Na fara jin ƙishin-ƙishin a majalisa, wasu na cewa ɗan yahu ne mai damfara ta intanet, wasu na faɗin abin da ya fi wannan muni. Ban tanka musu ba, shi ma ban faɗa masa ba.

Ana nan sai 'yan bindiga suka shiga wani ƙauye ta wajen Kutemeshi, suka tafi da mutane, har da matar maƙwabcinmu Mailafiya da ta je gaida mahaifiyarta. Gari ya ɗau zafi, kowa na cewa akwai infoma a cikinmu mai kai musu rahoto. Washegari 'yan sa-kai suka ɗauko Japheth daga kan tudun, aka aiko kirana zuwa rumfarsu ta bakin kasuwa. Na same shi zaune a ƙasa ba takalmi, kwamfutar na kan benci, jama'a sun kewaye. Sun buɗe wayarsa sun ga lambobin da ba su sani ba, da saƙon shigowar kuɗi daga sunayen da ba na nan ba, da muryoyin mutane barkatai, wasu ma da karin harshen Fulani. Shugabansu Audi, wanda na koyar a aji huɗu, ya tashi ya ba ni kujerarsa. Ya ce shi ya san ni, gari ma ya san ni, tsohon malami kuma dattijon coci. Ya ce in zan dafa ƙirjina in ce na san aikin ɗana kuma na tsaya masa, to a take zai sake shi mu tafi gida.

Na ɗaga kai na ga Mailafiya yana share hawaye da hularsa. Na tuna yadda ake yi da gidan duk wanda aka laƙaba wa sunan infoma, na tuna Lydia da Gloria. Kuma gaskiyar da ta fi ɗaci ita ce, a wannan lokacin shakka ta shiga zuciyata, don ko da na so yin bayani ban riƙe komai daga abin da ya faɗa mini ba. Sai na ji bakina yana cewa yaro ya girma, ni ban san abin da yake yi da na'urar nan ba, su bincika. Japheth bai yi kuka ba, bai yi gardama ba. Ya ɗago ya dube ni sau ɗaya, ya mai da kansa ƙasa.

A hannunsu ya kwana. Abin da ya kamata in yi, Lydia ce ta yi shi da gwiwarta mai ciwo. Ta je ta samo Malam Abdulsalam, mai koyar da kwamfuta a makarantar su Gloria, ta durƙusa masa. Mutumin nan bai haɗa komai da mu ba, amma ya bar ajinsa ya zo. Ya buɗe kwamfutar a gaban kowa, ya kunna musu muryoyin, sai ga shi wani na faɗin farashin tumatir, wata na bayanin yadda ake dama kunu. Ya kira mai shagon atamfa ya buɗe murya, matar ta yi ta faɗa tana cewa su sakar mata yaronta mai gaskiya, odar mutane ta tsaya. Audi ya ba da haƙuri, sannan ya ja ni gefe ya ce da na yi magana tun jiya, da abin bai kai haka ba.

Da suka sake shi, ina tsaye a bakin rumfar. Akwai shatin igiya a hannayensa, gefen fuskarsa kuma ya kumbura. Ya zo gabana ya durƙusa yadda ya saba, ya ce mini sannu da jira. Sabina, da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Kamfanin muryoyin sun rufe masa aiki don bai miƙa a kan lokaci ba, iyayen yaran Abuja kuma sun ɗauki wani malami. Mai shagon ce kaɗai ta rage masa. Bai jira hutu ya ƙare ba ya koma Zariya. Yana kiran mamarsa, in ta miƙo mini wayar sai ya gaishe ni da ladabi, ya tambayi masara, ya ce zai shiga aji. Ran Lahadi na tashi a coci ana cikin sujada na faɗi abin da na yi, ban rage komai ba. Ran kasuwa ma na koma rumfar nan na faɗa da ƙarfi cewa ɗana aikin halal yake yi, kuma ni ne na gaza. Mutane sun ce ba komai, ya wuce. Amma wanda ya kamata ya ji ba ya nan.

Ba roƙonki nake ki ba shi haƙuri a madadina ba, wannan aikina ne. Abin da nake roƙo shi ne ki kira shi, don yana jin maganar Gwaggonsa. Ya faɗa wa Lydia wai yana tunanin barin aikin intanet gaba ɗaya. Ki hana shi, ki faɗa masa abin da ya iya abin alfahari ne, ya nemi wani kamfanin. In kuma ya ce ba zai zo gida Kirsimeti ba, don Allah ku karɓe shi a wurinku, ya yi aikinsa inda ba mai zuba masa ido. Ni dai ran Asabar zan bi motar safe in tafi Zariya, duk yadda hanya take. Ban faɗa masa ba, kar ki faɗa masa ke ma. Ban san ko zai yarda ya fito ba. In bai fito ba zan kwana a tasha in sake komawa wurinsa washegari.

Ki gaida Gabriel da kyau, ki gaida Jesse da Queen, ki ce Kawu na sa musu albarka. Lydia da Gloria na gaishe ku. Ku sa matar Mailafiya a addu'a, har yanzu ba a ji labarinta ba. Ni ma ki sa ni.

Ni ne yayanki,
Wakili