Kwaɗon da Na Sa wa Famfo

Gwaggo, ki taimake ni, na kasa gane ko ni ne azzalumi.

Gidana yana kan layin famfo, na yayata kuwa yana bayan gari inda bututu bai kai ba. Ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, sana'arta wanki da guga. Shekara uku tana ɗibar ruwa a gidana. Kamfanin ruwa kuma yana tsauwala farashi ne gwargwadon hawan mita, har ya zama ina biya kamar mai otal. Ni mutum ne mai rubuta komai a littafi, har jarkokinta. Watan jiya na sa wa famfon kwaɗo. Da ta nemi dalili, na karanto mata jarka bayan jarka a gaban matata. Matata ta yi dariya, ta ce Yaya ta koma wanki da yawu. Ban tsawatar ba.

Akwai abin da Yaya ba ta sani ba. Bara kamfanin ya nemi ɗan ƙari daga masu famfo don ya ja bututu zuwa unguwar su Yaya. Ni na bi gida-gida da takardar ƙin yarda, har aka fasa aikin. Yanzu tana sayen ruwa wurin 'yan ga-ruwa masu tura kura, ninki biyar na kuɗin famfo, ta ƙara kuɗin wanki, masu kawo mata kaya sun watse. Ko gaisuwata ba ta amsawa. Amma ai ni ma ina da iyali, ko?

Ƙanin Mai Wanki

Ɗana, kukanka a kan mita gaskiya ne. Tsarin da zai ɗauki gida biyu a matsayin mai almubazzaranci ɗaya bai yi adalci ba, kuma babu laifi da ka ce Yaya ta riƙa kawo nata kason. Sai dai ba haka ka yi ba. Ka tozarta ta, ka bar matarka ta taka ta, bayan kai ka hana ruwa isa ƙofarta don naka ya zauna da araha.

Cire kwaɗon yau. Ka je gidanta da matarka ku ba ta haƙuri, ka faɗa mata zancen takardar da bakinka. Ku tsayar da abin da za ta iya biya. Sannan ka sake bin gidajen nan, ka nemi sa hannun a dawo da aikin bututu. Za su yi maka dariya, ka daure. Kada kuma ka sa ran za ta yafe da wuri.

Allah Ya daidaita tsakaninku.