Ɗinkin da Ka Ƙi Zuwa Ka Gani

Zuwa ga sanyin idona da ya koma mini tsakuwa a ido, inuwar tsamiyata da ta janye daidai lokacin da rana ta take, ruwan randata da na kai baki na tarar ya yi ɗaci, hadarin gabas da ya haɗo ya cika ni da murna sannan ya watse babu ko yayyafi. Mijina, uban ɗiyata, Zainulabideen.

Assalamu alaikum. Ka ga na rubuta sunanka ɓaro-ɓaro. Tun ranar da aka ɗaura mana aure bakina bai taɓa furta shi ba, Malam nake ce maka a gabanka da bayan idonka. Yau kunyar ta ƙare mini, domin na ga abin da kunya ta ja mini. Ina gajiya? Ya makaranta, ya ɗalibai, ya mutanen Batsari? Ya Inna da sauran mutanen Wagini? Na tambaya ne domin haka aka tarbiyyantar da ni, ba domin kai ka tambayi tawa lafiyar ba.

Daga gidan Baba a Safana nake rubuta maka, ina kwance a gefe guda saboda zama bai yi mini daɗi ba tukuna. An sallamo ni daga asibiti a Katsina. An yi mini aiki, an ciro ɗiya mace, lafiyayya, mai yawan gashi. Duk ka san wannan, domin Yaya Salmanu ya kira ka tun ina kan gadon asibiti. Ya ce ka ce Allah Ya raya, ka kashe waya. Allah Ya raya! Abin da ake faɗa wa maƙwabci ke nan idan an gamu da shi a hanya. Shi ne rabon ɗiyarka daga bakinka, ni kuwa ko wannan ban samu ba.

Kai ne kuwa, masoyina? Kai ne mutumin da ya biyo ni gonar waken Kawu a Tsaskiya, lokacin da kake koyarwa a nan Safana, kana neman aurena? Ka tuna ƙayar aduwa da ta shige mini tafin ƙafa ran nan? Ka durƙusa a kan kunya da farar shaddarka, ka rasa abin cirewa, ka ɓalle allurar da ke maƙale a hularka. Kana hura mini wurin kamar ƙaramar yarinya, kana ba ni haƙuri sai ka ce kai ka shuka itacen. Da jini ya fito kai ka runtse ido, ni ina yi maka dariya. A ranar na ce wa zuciyata ta kwanta, ta sami wanda ciwona zai zama ciwonsa. Ina ka kai wannan mutumin? Wa ya sace mini shi ya bar mini rigarsa da muryarsa?

Bari in tuna maka abin da kake so a manta. Cikina na fari, a daminar da mutanen daji suka hana kowa sakat, ba a kawo ni gida goyon ciki ba saboda hanya ba ta biyuwa. A Wagini na zauna, a ɗakin Innarka. Da naƙuda ta tashi aka nemi mai babur ɗin da zai kai ni Batsari, kowa ya ce shi ba zai fita ba, an tare hanya tun safe. Ban ga laifinsu ba, kowa da ransa. Aka durƙusar da ni a bayan ɗaki, ungozoma a gabana, Inna a kaina. Rana ta fito ta faɗi, ta sake fitowa, ina nan. Malam, ba ni da kalmar da zan kwatanta maka. Kamar an ɗaura ƙuguna a jikin shanun huɗa biyu, an kora ɗaya gabas ɗaya yamma. Na roƙi Allah Ya ɗauki raina, kuma da gaske na roƙa. Duk lokacin da na buɗe baki sai Inna ta ce ɗiyar mutunci ba ta kuka a kan gwiwa, maza na zaure, kada in kunyata ɗanta. Sai na cusa gefen zane a baki na ciza. Na ciza har haƙorina na gefe ya ɓare, kai da kake yabon murmushina ba ka taɓa lura ba. Da yaron ya fito bai yi kuka ba shi ma. Kuka ɗauke shi kuka kai makwancinsa tun ban gama ganin fuskarsa ba.

Domin kai na yi shirun nan. Domin kada a ce matar Malam raguwa ce. Na haɗiye ihun da ya isa ya tsaga rufin ɗaki, na ba ka shi kyauta, kai kuwa ka karɓa ka ajiye shi a matsayin shaidar cewa abin bai yi zafi ba.

Da na sami wannan cikin kowa ya yi murna, ni kuwa tsoro ya shige ni kamar gara a cikin azara, yana ci a hankali babu mai gani. Ranar da na je awo na jiyo wata mata tana nishi a ɗakin haihuwa, sai na zauna a ƙasa na yi amai a gaban mutane. Abinci ya daina shiga. Idan yarinyar ta motsa a cikina, maimakon in yi murmushi sai in ji gumi ya keto mini. Shi ya sa na roƙi Yaya Salmanu ya kai ni wajen likita a Katsina. Likitar ta duba ni sosai, ba ta ruɗe ni ba. Ta ce jikina lafiya lau, zan iya haihuwa da kaina. Ta ce tiyata ba wasa ba ce, tana da nata haɗarin, ciwon yana daɗewa, kuma tana iya shafar haihuwar gaba. Na saurara har ta gama, na ce na ji, a sa mini rana. Ka ga ban ɓuya a bayan wata cuta ba, ban ƙirƙiro maka ƙaryar cewa ɗa ya kwanta a gicciye ba, ko da yake da na yi hakan da yanzu kana nan kana yi mini sannu. Gaskiya na faɗa maka: tsoro nake ji. Tsoron naƙuda nake ji, ba zan iya sake durƙusawa ba.

Bayan la'asar ne, kana wanke babur a tsakar gida. Na tsuguna da ƙyar kusa da kai na faɗa maka, hawaye na zuba. Ko tsayar da hannunka ba ka yi ba. Ka ce, "Wancan karon ko tarinki ba a ji ba. Yanzu kuma wane sabon salo ne wannan?" Da na nace, ka ce in tafi gidanmu in yi abin da na ga dama, amma kada in sa ran hannunka a ciki.

Na san halin da ake ciki, a gidan nake. Na san albashinka ba ya ganin tsakiyar wata. Na san gonar Wagini ta zama saura saboda babu mai iya shiga. Ni ce nake auna garin tuwo ina rage hannu, ni ce na ga ranar da ka tura babur da ƙafa daga makaranta saboda mai ya gagara. Da ka kama hannuna ka ce, Mahfuza, ba ni da shi, wallahi da na share maka hawaye kafin in share nawa. Ban nemi ko sisinka ba. Karsanata da Baba ya ba ni, wadda ta tsira ranar da aka kore garken Kawu, ita na sa aka kai kasuwa. Abin da na nema a wurinka ba ya cikin aljihu. Cewa na yi ka tsaya a bakin ƙofar ɗakin tiyata.

Maimakon haka me ka yi, ya hasken da nake bi? Ranar kasuwar Batsari ka zauna a majalisarku ta ƙofar shagon tela, ka ce ka auro 'yar hutu mai son a fasa ta kamar duma a ciro ɗa. Aka yi dariya har da tafawa. Mijin Zuwairatu maƙwabciyarmu yana wurin, shi bai yi dariya ba, ya koma gida ya faɗa wa matarsa cikin takaici, ita kuma ta kasa riƙewa. Kada ka nemi rigima da su, ba su suka faɗa ba, kai ka faɗa. Bakin da ya kira ni tauraruwa, ya kira ni furen kaba, ya ce idona ya fi ruwan ƙorama haske, shi ne ya ɗauki tsoron da na damƙa masa a asirce ya baje shi a kasuwa kamar tumatir. Maganar Inna ma ta iso ni, wai macen da ba ta durƙusa ba ba ta san zafin ɗa ba. Inna uwa ce, ba zan mayar mata ba. Amma ita da hannunta ta riƙe kafaɗuna ran nan. Ta san na durƙusa. Ta san abin da na tashi da shi.

Ranar aikin, ma'aikaciyar asibiti ta leƙo ta tambaya ina mijin, ya zo ya sa hannu. Kunyar da ta rufe ni ta fi ta tsiraici. Na kalli ƙofa, na ce mata yana hanya. Ta tafi ta dawo, na sake cewa yana hanya. Har zuciyata ta yarda da abin da bakina ke faɗa, duk takun da na ji sai in ce naka ne. Daga ƙarshe Yaya Salmanu ya miƙe, ya karɓi biro. Aka tura ni ciki, aka yi mini allura a baya, daga ƙugu zuwa ƙasa ya mutu, amma idona biyu, kunnena na ji. Ina cikin salati sai na ji kuka. Kuka, Malam! Ƙaramar murya mai kaifi, mai fushi, ta cika ɗakin. Ni ma na saki nawa da ƙarfi, na yi kukan da ke maƙale a maƙogwarona tun Wagini, babu wanda ya ce in rufe baki.

Kada ka zaci hutu na samu. Ciwon nan yana nan kamar an ɗora mini garwashi a mara. Tari azaba ne, dariya ta gagare ni, tashi sai an kama ni. Wankan jego ma Gwaggo a hankali take yi mini, tana kauce wa wurin. Amma ciwo ne da nake iya cewa wayyo a kansa, wani ya zo ya ce sannu. Ni na zaɓe shi da hankalina, kuma ko yau aka mayar da ni baya shi zan sake zaɓa.

Abin da ya fi ɗinkin ci mini rai shi ne har yanzu ina sonka. Ina jin haushin kaina a kan haka. Babur ba ya wucewa ta ƙofar gidan nan ban ɗaga kai ba. Na shirya maganganu masu zafi da zan watsa maka, sai in duba fuskar yarinyar nan in ga kunnuwanka, in ga yadda take tattare goshi idan an tashe ta, sak kai idan ana surutu a aji. Ta yaya zan tsane ka alhali ina shayar da fuskarka? Me ya sa ka zama ƙishirwata kuma ka zama rijiyar da aka rufe? Na yi ƙoƙarin cire ka daga raina, na tarar ka yi saiwa kamar kuka, sai dai a tumɓuke da ƙasar gaba ɗaya.

Jibi suna. Yaya Salmanu ya yi mata kiran salla a kunne tun a asibiti, amma Baba ya ce shi ba zai zaɓa wa yarinya suna ba ubanta na raye, yana shan ruwa a Batsari. Matan gida Jinjiri suke ce mata, kamar wadda aka tsinta. Ba rago nake jira ba, kowa ya san halin da ake ciki, Baba ya ce ko da dabino kaɗai za a yi addu'a. Mota tana tashi daga Batsari kullum, masu babur suna zuwa Safana idan rana ta ɗaga, kuma hanya ta yi sauƙi kwanan nan. Ba ka da abin fakewa.

Idan ka zo ba zan tashi in tarbe ka ba, ko ina so ba zan iya ba. Ba zan ba ka haƙuri ba, domin ban yi maka laifi ba. Zan sa a fita a bar mu mu biyu, in ɗaga riga in nuna maka inda aka yanka, ka kalle shi da idonka tun daga wannan gefe har wancan, kada ka kawar da kai. Bayan nan ka faɗi abin da ka ga ya dace mutum ya faɗa wa matarsa. Idan kuma ba ka zo ba, ba zan nemi takardata ba, ba zan kai ƙararka wurin kowa ba, ba kuma zan kalli wani ɗa namiji ba har a mayar da ni ƙasa. Igiyarka tana wuyana, da sona na ɗaura ta, kuma Allah Ya gani ban taɓa sassauta ta ba. Sai dai wata rana yarinyar nan za ta yi wayo, ta tambaye ni wa ya raɗa mata suna. Ni kuwa na daina yin shiru domin in rufa maka asiri.

Ka taho da sunanta a bakinka. Wa'azin ka bar shi a Batsari.

Taka jiya, taka yau, taka har ranar da za a tashe mu, cikin fushi da ƙauna,

Mahfuza
Safana